"Was", "has been" ko "had been": Yadda kalma ɗaya ta Turanci ke sauya matsayin fayil a ofisoshin Abuja

A Hausa jimla ɗaya ce: an amince da kwangilar. Duk wanda ya ji ta ya fahimta, ba zai nemi ƙarin bayani ba sai idan yana son sanin rana. Amma ma'aikacin da zai rubuta wannan magana a fayil, a Sakatariyar Tarayya ko a wata hukuma da ke Abuja, tilas ya zaɓi ɗaya cikin uku: "The contract was approved", ko "has been approved", ko "had been approved". Dukkansu Turanci ne mai kyau, sai dai kowace da saƙon da take ɗauke da shi. Ta farko tana cewa an amince a wani lokaci da ya wuce, wanda aka sani ko ake shirin ambata. Ta biyu tana cewa amincewar tana nan daram, ana iya yin aiki da ita yau. Ta uku kuwa takan sa wanda ya laƙanci harshen ya dakata yana jiran ragowar labari, domin tana nuna an amince ne kafin wani abu na biyu ya auku, kuma sau da yawa abin nan na biyu shi ne soke amincewar.

Babban sakataren da ke da tarin fayil a gabansa ba shi da sukunin kiran kowane jami'i ya tambaye shi abin da yake nufi. Abin da ya gani a rubuce zai ɗauka. Haka mai binciken kuɗi da zai buɗe fayil ɗin bayan shekara huɗu, haka lauyan da zai karanta shi a gaban alƙali, a lokacin da wanda ya rubuta ya koma wata ma'aikata ko ya yi ritaya. Sashe na 55 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce Majalisar Tarayya za ta gudanar da harkokinta da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya dace. A ofisoshin gwamnatin tarayya dai, duk abin da zai shiga fayil da Turanci yake shiga, ko da kuwa da Hausa aka tattauna shi tun daga farko har ƙarshe.

Inda harsunan biyu suka raba hanya

Tushen matsalar yana cikin tambayar da kowane harshe yake yi wa aikatau. Hausa ta fi damuwa da ko aiki ya kammala ko yana gudana. Maganar yaushe kuwa, takan bar wa kalmomi irin su jiya, bara, ɗazu da tuni, ko kuma mahallin zance. Shi ya sa "sun zo" take aiki a wurare uku: sun zo jiya, sun zo, suna falo, kafin mu isa sun zo. Har ma takan shiga abin da bai faru ba tukuna, kamar a ce kafin gobe da yamma sun zo. Paul Newman, a babban littafinsa na nahawun Hausa da ya fito a 2000, ya kira wannan siga da sunan da ke nufin kammaluwa, saboda wannan dalili. Turanci ya raba waɗannan wurare da sigogi dabam-dabam: "they came yesterday", "they have come", "they had come before we arrived". Bahaushen da ke tunani da harshensa yana rubutu da Turanci yana da kalma ɗaya a zuci, ga ƙofa uku a gabansa.

Sai dai Hausa ba ta bar shi hannu rabbana ba. Ɗaliban nahawu sun san shuɗaɗɗen lokaci iri biyu ne, na ɗaya da na biyu, wato "sun zo" da "suka zo". A tilo na namiji rubutu ba ya nuna bambancin, domin duka "ya zo" ake rubutawa, tsawon wasali ne ke rarrabe su a baki, amma a jam'i abin a fili yake. Idan ana jera labari, wannan ya faru sai wannan ya biyo, "suka" ce ke ɗaukar nauyi: mambobin kwamiti suka zauna, suka duba rahoton, suka mayar wa sashen kuɗi. Duk inda wannan "suka" ta jerin labari ta zo wa marubuci a zuci, Turancinta tsurar sigar da ta wuce ce, wadda malaman Turanci ke kira simple past: "The committee met, examined the report and returned it." Ba a bukatar "has", ba a bukatar "had". Wannan ma'auni ɗaya kaɗai zai gyara kaso mai yawa na rahotannin da ake rubutawa bayan tafiyar aiki ko zaman kwamiti.

Ma'auni na biyu shi ne kwanan wata. Da zarar an ambaci lokacin da ya riga ya rufe, ko jiya ne, ko makon jiya, ko 2019, to ƙofar "has" da "have" ta rufe tare da shi. Shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ranar 29 ga Yuli, 2024. Turancin wannan shi ne "The President signed the Act on 29 July 2024." Wanda ya rubuta "has signed" tare da wannan rana ya haɗa abu biyu da ba sa zama inuwa ɗaya, domin "has signed" tana tsaye ne a yau tana duban sakamako, ita kuwa ranar tana mayar da mai karatu baya. A ranar da aka sa hannun, hadimin da ke rubuta sanarwa yana da damar buɗewa da "The President has signed the Act", tun da labari ne sabo, sannan a jimla ta biyu, inda zai faɗi wuri da lokaci, ya koma "He signed it". Haka jaridun Turanci suke yi kullum: "has" ta buɗe ƙofa, tsurar siga ta ba da bayani.

Kwarjinin "had"

Kuskuren da ya fi yawa a takardun Abuja ba daga ƙarancin ilimi yake fitowa ba. Daga neman kwarjini yake fitowa. Akwai wani zato da ya yi kaka-gida a ofisoshi da ɗakunan labarai cewa "had" ta fi nauyi, ta fi dacewa da manya, ko kuma ita ce ta abin da ya daɗe da wucewa. Sai a ga sanarwa ta ce "The Minister had on Tuesday directed all agencies to comply", alhali babu wani abu na biyu a labarin, umarnin ne kawai, kuma yana nan bai sauya ba. Ɗan Najeriya ya saba da wannan salo har ba ya jin komai. Jami'in ofishin jakadanci ko wakilin Bankin Duniya da ya karanta zai ci gaba da neman jimlar da za ta ce ministan ya janye, ko wani abu ya gitta.

Daɗewa ba ta da hannu a zaɓen "had". Janar Murtala Muhammed ya sanar da kafa sabon babban birnin tarayya a watan Fabrairun 1976, kuma duk da tsawon shekarun da suka shuɗe, "announced" za a rubuta, domin aukuwa ɗaya ce a lokacinta. "Had" tana shigowa ne idan marubuci ya riga ya tsaya a wani wuri a baya, sannan ya waiwaya ya dubi abin da ya gabaci wurin. An mayar da mazaunin gwamnati daga Legas zuwa Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991. Wanda ya tsaya a wannan rana yana waiwaye zai rubuta: "By the time the seat of government moved in December 1991, more than fifteen years had passed since the decree." A nan "had" ta ci abincinta da guminta. Hausarta ita ce "kafin nan an riga an", kuma wannan ma ma'auni ne mai sauƙi: idan ba za a iya sa "riga" a jimlar Hausa tare da wani lokaci na baya da ake aunawa da shi ba, da wuya "had" ta dace.

Wurin da "had" take da cikakken iko shi ne rubuta bayanan taro. Sakataren taro yana ba da rahoton maganar da aka yi a baya, saboda haka kowace siga takan ja da baya taki ɗaya. Darakta ya ce a baki "The funds have been released", a takarda sai ta zama "The Director informed the meeting that the funds had been released." Wataƙila daga nan ne salon ya tsallaka zuwa sanarwa da wasiƙu, domin ma'aikacin da ya yi shekaru yana rubuta bayanan taro hannunsa ya saba. A bayanan taro kuma kalmomi irin su "yesterday" da "last week" tarko ne. Jiyan ranar taro ba ita ce jiyan ranar da za a karanta takardar ba, balle idan sai bayan wata guda za a amince da ita. Littattafan nahawu sukan ce a mayar da su "the previous day" da "the previous week", a mayar da "two years ago" ta koma "two years earlier". Abin da ya fi wannan aminci a aikin gwamnati shi ne a rubuta kwanan watan gaba ɗaya.

Bambancin "was" da "has been" kuwa ya fi cizo a amsar takardar tuhuma. Ma'aikacin da aka tuhuma da rashin zuwa aiki kwana biyu, idan ya rubuta "I was absent on 3 and 4 March", ya killace laifin a kwana biyu. Idan ya rubuta "I have been absent", ya buɗe shi har zuwa ranar da yake rubutu, ya ba da hujja a kan kansa da hannunsa. Haka "I did not receive the circular" tana magana ne a kan wani lokaci da ake zance a kansa, mai yiwuwa takardar ta iso daga baya, ita kuwa "I have not received the circular" tana cewa har yanzu ba ta iso ba. Wanda ya san takardar tana cikin durowarsa tun shekaranjiya ya kamata ya san wadda zai sa wa hannu.

Ko a sama ma an ga nauyin siga. Ranar 29 ga Mayu, 2023, a dandalin Eagle Square, Shugaba Bola Tinubu ya ce "subsidy is gone". Kasafin kuɗin shekarar ya yi tanadin tallafin man fetur har ƙarshen watan Yuni, amma siga ce ta abin da ya riga ya tabbata, kuma haka kasuwa ta ji ta. Layuka suka dawo gidajen mai nan take, kafin watan ya ƙare kamfanin NNPC ya sauya farashi, lita ta ninka fiye da sau biyu.

"Tun" mai fuska uku

Daga aikatau sai ƙananan kalmomin da ke tsayawa gaban lokaci. Uku daga cikinsu ba su da wuyar sha'ani. "At" ta agogo ce, "on" ta rana da kwanan wata, "in" ta wata da shekara: "at 10 a.m.", "on 18 April 2019", "in April 2019". Hausa takan yi amfani da "a" ko "ranar" ko "da" a waɗannan wurare ba tare da wannan rabo ba, shi ya sa ake ganin "on April 2019" a takardu. Abin lura kaɗan ne: da safe "in the morning" ce, da dare "at night", amma da zarar an haɗa da sunan rana sai "on" ta karɓe, "on Monday morning". Ba a kuma sa komai gaban "last" da "this": "last Friday" kawai.

Wahalar tana wajen "tun". Kowane ɗalibi an koya masa cewa Turancinta "since" ne, kuma gaskiya ne a wuri ɗaya cikin uku. "Since" tana bukatar mafari, rana ko shekara ko aukuwa, da kuma hali ko aikin da ya miƙe daga nan har zuwa yau: "Abuja has been the seat of government since 1991." A irin wannan jimla Hausa lokaci mai ci take amfani da shi, yana aiki a nan tun 2015, sai marubuci ya bi sawunta ya rubuta "He is working here since 2015." Turanci ba ya karɓar wannan. "He has been working here since 2015" ko "has worked" yake so.

Fuska ta biyu ita ce inda "tun" take nuna daɗewa kawai, a kan aikin da ya faru sau ɗaya ya ƙare. An biya ɗan kwangila tun 2021. Biya ɗaya aka yi, a 2021, kuma mai magana yana jaddada cewa abin ya daɗe. Wanda ya rubuta "The contractor has been paid since 2021" ya bar ƙofar a fahimce shi da cewa ana ta biya daga 2021 har yau, ko an yi biyan a wani lokaci bayan 2021, kuma wannan jimla ce da za ta sa mai binciken kuɗi ya gyara zama. Abin da ake nufi shi ne "The contractor was paid in 2021", idan ana son jaddadawa a ce "as far back as 2021". Fuska ta uku ita ce tsawon lokaci: shekara uku ke nan yana riƙon muƙamin. Nan "for" ce, "He has acted for three years", ba "since three years" ba. A kula kuma, "He acted for three years" tana cewa riƙon ya ƙare, "has acted" tana cewa yana kai. Ga wanda ke neman alawus na riƙon muƙami, ko jami'in da ke lissafin shekarun aiki a tsarin da ake ritaya a shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Akwai kuma "since" da ake bari ita kaɗai a ƙarshen jimla, "He has left since", wadda fassarar "tun ɗazu" ko "tuni" ce. A baki kowa ya gane. A takarda "He left long ago" ko "He has already left" ta fi.

Amma mafi haɗari duka ita ce "until" idan ta haɗu da korewa. A ɗauka jami'i yana son ya ce har zuwa 5 ga Maris wasiƙar ba ta iso ba. Ya rubuta "The letter was not received until 5 March." Abin da wannan jimla take nufi a Turanci shi ne ba a karɓi wasiƙar ba sai ranar 5 ga Maris, wato an karɓe ta, kuma a ranar. Ya so ya ce ba ta zo ba, ya ce ta zo, har ya ba da rana. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa bukata bayan ta karɓe ta, don haka jimla irin wannan tana iya kunna agogon da hukumar ba ta san ya fara tafiya ba. Abin da ya dace ya rubuta shi ne "The letter had still not been received by 5 March." Hausa ta rarrabe ma'anonin biyu sarai da "har" da "sai", a Turanci ne suke neman cakuɗewa.

"By" ita ma tana da nata. "Kafin" takan ɗauki ma'anar "before" da ta "by" duka, alhali "by 30 June" ta haɗa da ranar 30 ɗin, "before 30 June" kuwa ta tsaya a 29. Kwana ɗaya ne, amma da kwana ɗaya ake rasa wa'adin miƙa takardun neman kwangila. Dokar Fassara Dokoki ta ƙasa, a sashe na 15, ta ma tanadi cewa idan ana ƙirga kwanaki daga wata aukuwa, ba a sa ranar aukuwar a lissafi. Sai "in" da "within", waɗanda duka "cikin" ne a Hausa: "completed in seven days" tana faɗin tsawon da aikin ya ɗauka, "within seven days" tana faɗin cewa bai wuce iyakar ba.

Turancinmu da Turancin fayil

Wani zai ce ai Najeriya tana da nata Turancin, kuma yana da hujja. David Jowitt ya rubuta littafi sukutum a kan yadda 'yan Najeriya ke sarrafa harshen tun 1991. A watan Janairun 2020 ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi da jimloli 29 na Najeriya, ciki har da "Kannywood", da "ember months", da "next tomorrow" mai nufin jibi. Su kansu masu harshen ba bakinsu ɗaya ba. Ba'amurke yakan ce "I already sent it" inda mutumin Ingila zai fi son "I have already sent it", jaridun Amurka kuma sukan jefar da "on" su rubuta "said Tuesday". Babu dalilin da zai sa ma'aikacin Abuja ya ji kunyar "last week Monday" a hirar ofis.

Sai dai akwai bambanci tsakanin salon da ya sha bamban da na Landan amma ma'anarsa ɗaya ce ga kowa, da salon da ke ba mutum biyu ma'ana biyu. "Next tomorrow" ba ta taɓa jefa kowa a shari'a ba. "Not received until" tana iya yi. A kan wannan ma'auni ya kamata mai duba takarda ya raba jan birons​a: ya bar na farko idan takardar ta cikin gida ce, ya tsaya kai da fata a kan na biyu ko da takardar ba za ta fita daga sashe ba. Kwanan wata da lambobi zalla ma yana cikin rukuni na biyu, domin 3/4/2024 ranar 3 ga Afrilu ce a Abuja, amma 4 ga Maris ce a Washington. Rubuta sunan wata da haruffa ba ya cin komai.

Takardar miƙa aiki ita ce inda duk waɗannan suke haɗuwa a shafi ɗaya. Mai barin kujera yana bayyana wa magajinsa abu iri uku, kuma kowane da sigarsa. Abin da aka gama aka rufe, tsurar siga da kwanan wata: "The vehicles were delivered on 14 February." Abin da aka yi amma yana jiran mataki na gaba, "has" ba tare da rana ba: "The memo has been forwarded to the Permanent Secretary", wadda ke gaya wa magaji cewa takardar tana can, ya bi sawunta. Abin da aka yi sannan wani abu ya sha gabansa, "had" tare da abin da ya biyo baya a jimla ɗaya: "Approval had been granted before the vote was withdrawn." Idan aka sa wa jimla ta biyu "had" don neman kwarjini, magaji zai ɗauka takardar ta je ta dawo, ya shiga neman ta a rajista, alhali tana kan teburin babban sakatare tana jiran a tuna masa.